Butar da ke gefen akwatin hoton Kawu

Jiya jikata ta nuna mini hoton wani yaro a waya, yana kuka da kaya a kai. Sai Kawu ya faɗo mini a rai, ƙanen innarmu, mai ɗaukar hoto a kasuwar Konni. Kullum akwai buta da sabulu da wata 'yar farar riga a gefen akwatin hotonsa. Ba ya ɗaukar yaro sai ya wanke masa fuska.

Shekarar da gero ya ƙi, ni da ƙanena muna yi wa wani ɗan kwangila dakon duwatsu wajen Malbaza. Ranar kasuwa muka biya wurin Kawu, mun yi futu-futu da ƙura, muka tarar da wani baƙo. Hotunan yara masu shan wahala yake saye, wai ana nemansu a ƙasashen waje.

Ya ce, "Ɗauke su haka nan, kar su goge."

Kawu ya ce, "Malam, waɗannan ɗiyan mutane ne. Ba na ɗaukar yaro yadda zai ji kunya in ya girma."

Ya zuba mana ruwa. Har yau ina jin sanyinsa a wuyana, da kaushin tafin Kawu, da ƙamshin sabulun. Ƙanena ya sa farar rigar, ya bushe da dariya. Kawu ya ɗauki hoton, ya kai wa innarmu.

Ƙanena bai ga damina ta gaba ba. Wannan hoton kaɗai ya rage mana, kuma dariya yake yi a ciki.

Allah ya suturta ka, Kawu, kamar yadda ka suturta mu.