Bayan Allon Sabulu

Baba Katung ya yi shekara ashirin da biyu yana gadin wani babban sito a garin Laurel, can ƙasar waje, bai taɓa makara ba. Yakan ce horon makarantar mishan ta Zonkwa ne, inda ba a kaɗa ƙararrawa sau biyu. Da ya ajiye aiki sai ya shiga bin kasuwannin tsofaffin kaya ranar Asabar, yana tara allunan talla na da, irin na ƙarfe da aka dalaye da tangaran aka gasa a wuta kamar kwanon langa. Goma sha ɗaya ne jere a falonsa. Guda ɗaya kawai ba saya ya yi ba.

Shi ne allon sabulu mai hoton jan zakara, wanda ya yi shekaru a kafe a ƙofar kantin mahaifinsa kusa da tashar jirgin ƙasa ta Zonkwa. Yara sun sha jifansa da dutse, tangaran ɗin ya ɓaɓɓare, tsatsa ta cinye rabin wutsiyar zakaran. A bayansa kuwa mahaifin ya rubuta sunayen 'ya'yansa bakwai da ranakun haihuwarsu da fentin mai. Shida suna cikin littafin coci. Ta bakwai, Laraba, kwana tara ta yi a duniya, ba ta kai ga shiga littafin ba. Ban da bayan allon nan, babu inda aka rubuta cewa ta taɓa zuwa.

Ana sauran mako biyu Baba ya cika shekara tamanin, ya dawo daga asibiti da hantsi ya tarar da ƙusa babu allo. Ya kira ɗansa Joel, wanda a Laurel ya girma, yana jin Hausa amma da Turanci yake amsawa. Joel ya yi dariya, ya ce an tona masa asirin kyautar da yake shirya wa Baba: ya kai allon wurin wani mai gyara a Wheaton, za a kankare tsatsar gaba da baya a sake gasa shi, ya dawo fes. Da aka tambaye shi rubutun baya, ya ce ai ya ɗauka lissafin kayan kanti ne.

"Zo ka ɗauke ni yanzu," in ji Baba. "Gwaggonka ce a bayan allon nan."

Sun tarar da allon a kife kan tebur, mai gyaran ya riga ya goge kusurwa ɗaya har ƙarfe ya fito fari. Sunan babban wan Baba ya tafi. Baba ya sa tabarau, ya bi layukan da yatsa a hankali har ƙasa. Laraba tana nan, da ranarta, da ɗan gicciyen da mahaifinsa ya zana a gefe.

Mai gyaran ya yi tayin gyara fuskar kaɗai. Baba ya yi godiya ya ƙi. Ya ce kowane tabo ya san wanda ya yi jifan, biyu ma nasa ne.

Da suka dawo gida Joel ne ya hau kujera don ya rataye shi. Ya tsaya yana haɗa baƙaƙen bayan allon da kyar, sannan ya ce da Hausa, "Baba, ina ne kabarinta?"

Baba ya ce gindin wata ɗorawa ce, kuma an daɗe da sare ta. Joel ya juya allon, ya rataye shi zakara na kallon bango.