Kaset ɗin Inna Ba Ya Fita

Rediyon motata mai cin kaset ne, kuma akwai kaset a cikinsa da ya shekara bakwai bai fito ba. Maɓallin da ake dannawa ya tofo shi ne ya karye. Yana juyawa lafiya lau, in fuska ɗaya ta ƙare ya koma ɗayar da kansa, fita ce kawai ba ya yi. Ban taɓa kai shi gyara ba, don na san hannun masu gyara. Ban kuma taɓa gaya wa kowa abin da ke cikinsa ba. In akwai mutum a motar, tashar labarai nake kamawa.

Muryar mahaifiyata ce a ciki. Lokacin da nake karatun aikin ban-ruwa a Sudan, mutanenmu na garin Gulma ba su cika aika wasiƙar takarda ba. Inna ba ta rubutu, kuma ba ta yarda ta zazzage wa malamin makaranta cikinta ya rubuta ba. Sai a aro rikoda wurin mai shago, a sayi batir, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kowa ya zo ya durƙusa gaban akwatin ya yi gaisuwa kamar ni ne zaune a wurin. A naɗe kaset a tsumma, a ba wani mai tafiya. Uku suka iso hannuna. Biyu sun ɓace a yawon da aiki ya yi da ni tsakanin Yamai da Alƙahira da Lahore. Ɗaya ya rage, shi ne wannan.

Fuskar farko tana farawa ne da Inna tana tambayar yayana: "Ya fara ɗauka? To mi za ni ce mishi?" Daga nan ta gyara murya ta shiga gaisuwa, ta gaishe ni, ta gaida malamaina da ba ta sani ba, ta gaida wanda ke dafa mini abinci. Ta ce ruwa ya ci shinkafar fadama ta ƙasa amma ta tudu ta yi. Ta ce in zan dawo in zo mata da buta mai murfi. Fuska ta biyu kuwa kuskure ce. Yayana ya juya kaset don baffanmu ya yi magana, aka ce baffa ya tafi gulbi, kowa ya watse, ba wanda ya tuna ya kashe rikodar. Haka ta ɗauki gidanmu bai sani ba: daka, zakara, wata tana neman ludayi, Inna kuma tana ce wa maƙwabciya, "Wanga yaro ba shi zama wuri guda, tun yana rarrafe nika ɗaure shi da zane." Suka yi dariya. Inna ta rasu kafin in kai mata butar.

Tun da na yi ritaya na zauna a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, duk Juma'a nakan je Argungu in duba gonata. Fuskar farko daidai take da tafiyar in ban yi gudu ba. Kafin in wuce Ambursa ta gama gaisuwa, ina shiga gari tana yi mini addu'a. A dawowa sai in saurari gidanmu.

Ba tsoron sabon abu nake yi ba, kada a yi mini wannan shaidar. Na ga allo a gaban mota a Bankok tun ba a san shi nan ba. A can direba yakan duba shi ya ga inda cunkoso yake ya kauce. Da abin ya iso mana sai ya zama talabijin. Na sha shiga motar haya in ga direba ido ɗaya a titi, ɗaya a kan masu rawa. Maƙwabcina ya sayo mota 'yar Kwatano, asalinta daga Japan, kullum ya tayar da ita sai wata mace ta gaishe shi da harshensu. Ya zo wurina wai tunda na yi yawon duniya in fassara masa. Na ce ina jin Larabci da Faransanci da Turanci da Zabarmanci, Urdu ma ina iya cinikin tumatir da shi, amma wannan baiwar Allah ban san me take nema ba. Taswirar allon kuma tana nuna shi a tsakiyar teku, alhali muna tsaye ƙofar gidansa akuya na cin bawon rake. Har yau a tekun yake, kuma yana alfahari da abinsa.

Abin da ya jawo mini magana wuyana ne. Ya yi tauri, ba ya juyawa kamar da. Wata Juma'a a bakin kasuwar Argungu ina ribas na hau buhun albasar wani mutum. Buhu ɗaya ne, kuma mun rabu da mai shi muna dariya, amma labari ya riga ni isa gida. Babbar 'yata ma'aikaciya ce a nan Birnin Kebbi. Sunan Inna na sa mata, don haka ba na kiran sunanta, Uwata nake ce mata. Ta zo da yamma ta zauna, ta ce yau albasa ce, gobe ɗan mutane ne.

"Baba, a cire tsohon rediyon ga a sa allo mai kyamara. Kana ribas kana ganin bayanka."

"Ba a taɓa min rediyo."

"Don mi?"

"Don na ce."

"Wa'azi ne a ciki? Duk wanda kake so akwai shi a waya."

Na ce ta gaida maigidanta. Ta tashi ta tafi, ta bar ni da ganin na yi nasara. Na manta sunan wa take ɗauke da shi.

Ranar Asabar da hantsi na fito daga wanka ban ga mota ba. Uwargidana ta ce Uwata ta zo ta ɗauka za ta kai a canza mai. Na tambaye ta tun yaushe Uwata ta damu da man motata. Sai ta kau da kai tana gyara kallabi. Ban tsaya neman hula mai kyau ba. Na tare ɗan kabu-kabu na ce ya kai ni layin masu haɗa sifika da allon mota.

Wanda bai san layin nan ba, kunnensa zai kai shi. Kowace rumfa tana gwada sifikarta, kowa na son tasa ta danne ta maƙwabci, har ƙirjin mutum ya riƙa amsawa. Na san kuma yadda suke aiki. Ba sa kwance tsohon rediyo, yanke wayoyinsa suke yi da almakashi su fizgo shi, su jefa a kan tari, ranar da masu sayen gwangwan suka zo a auna a kilo. Na hango motata ƙofofi a buɗe. Inda rediyo yake sai rami da wayoyi suna reto. Mai rumfar, wani dattijo-dattijo mai furfura a gemu, yana ɓare ledar sabon allo mai faɗin faranti. Uwata na zaune a benci da jakarta a cinya.

"Ina rediyona?"

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ga shi can." Ya nuna tarin da haɓa. "Ai wanga ya gama aiki. Ko kaset ɗin ma na ja shi da filaya, ya ƙi fita."

Na je na tsuguna gaban tarin, na ɗaga rediyo biyu na wasu, na ciro nawa. Murfin bakinsa ya karye, ina hango gefen kaset ɗin da tabon filaya a jikinsa.

"Mayar da shi inda ka ciro shi."

"Alhaji, zamani ya wuce nan. Wanga allon yana kiran waya, yana nuna hanya, yana cin memori, waƙa dubu in kana so."

"Hanyar Argungu za ya nuna min? Ina bin ta tun tana turɓaya, kai ko wando ba a fara sa maka ba."

Masu rumfunan kusa suka fara matsowa suna dariya. Ɗaya ya ce a bar tsoho da tsohonsa. Uwata ta miƙe, idonta ya kawo ruwa don haushi.

"Baba, kunya kake ba ni cikin mutane. Don lafiyarka nika yi. Wane irin kaset ne wanga da ya fi ran mutum?"

Na daɗe ina riƙe da abin nan ni kaɗai, kuma na so in ci gaba da riƙe shi haka. Amma na ga in ban buɗe baki ba yau, wata Asabar ɗin za a sake ɗaukar makulli. Na ce wa mai rumfar ya haɗa shi da batir a nan kan teburinsa, ya jona sifika ɗaya. Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya feƙe wayoyi da haƙori, ya haɗa. Na ce wa maƙwabtansa su rage kiɗansu. Ban san me suka gani a fuskata ba, amma sun rage.

Da farko shuru, sai wani gurnani kamar injin na tauna zaren kaset ɗin. Na riƙe gefen tebur. Can sai ga tabarya tana sauka a turmi, ga zakara. Fuska ta biyu ce, inda na tsaya jiya a ƙofar gida. Sai murya ta fito, ta ja kamar mai magana cikin ruwa, sannan ta daidaita: "...tun yana rarrafe nika ɗaure shi da zane."

Mai rumfar ya kalle ni. "Wace ce?"

"Mahaifiyata ce," na ce. Na juya wurin 'yata. "Mai sunanki. Ba ki taɓa jin ta ba."

Ta koma ta zauna a bencin a hankali. Inna ta gama dariyarta ta shiga faɗan wanda ya bar ƙofar awaki a buɗe. Wani mai sayar da sifika ya ce haka kakarsa take magana sak, su ma mutanen bakin gulbi ne. Mai rumfar ya goge hannunsa a riga, ya ce, "Alhaji, ka yafe ni. Da ka faɗa ai ko filayar ban ɗauka." Ya ce zai iya buɗe rediyon ya ciro kaset ɗin a juye shi a memori, allon ya riƙa kunna mini.

Na ce a'a. Zaren da ya haura shekara arba'in, ya kuma sha filaya yau, ba zan bari a sake sa masa ƙarfe ba. Kuma ko an juye, ba na son Inna ta zama layi ɗaya cikin waƙa dubu, in riƙa laluben ta da yatsa a kan gilashi ina tuƙi. Rediyona maɓallinsa ɗaya ne, hannuna ya san inda yake ko idona na kan titi.

"To ribas ɗin fa?" in ji Uwata. Ba ta saki ba. "Buhun albasa bai tashi daga inda yake ba, Baba."

Mai rumfar ne ya raba mu. Ya shiga ciki ya fito da wani madubi da ake ɗaurawa a kan madubin tsakiya. Madubi ne kamar kowane, sai an sa ribas rabinsa ya kawo hoton baya. Ba ya waƙa, ba ya magana. Na juya shi na duba, na ce wannan zan iya zama da shi. Ya mayar da allonsa cikin kwali. Ya ɗauki awa biyu yana jona wayoyin da ya yanke cikin minti ɗaya, yana naɗe kowace da salatif, ni kuma ina tsaye a kansa har ya ɗaure sukurun ƙarshe.

Filayar ta bar tabonta. A wurin nan, dab da maganar rarrafe, muryar Inna tana ja, kalma uku sun tafi, ba za su dawo ba. Na san su, nakan faɗe su da bakina in mun iso wurin.

Juma'ar da ta biyo baya Uwata ta ɗauki hutu ta zo tun da safe, ta shiga gaba ta zauna ba ta tambaye ni ba. Da muka hau titi ta ciro wayarta ta kanga a bakin sifikar ƙofa. Na ce ta ɗauka in tana so, nata ne ita da 'ya'yanta, amma ban da aika wa dangi a waya, ba na son Inna tana yawo a aljihun kowa. Ta ce ta ji. Ta riƙe wayar a haka har Argungu, hannu na gajiya tana canzawa. Da Inna ta zo kan buta mai murfi sai ta tambaye ni ko na saya. Na ce na saya a kasuwar Omdurman, ita ce wadda take gani a ɗakina take cewa in jefar.

A bakin kasuwa na sa ribas, hoton baya ya fito a madubi tar, har da wata tinkiya. Duk da haka na dafa kujera na juya wuyana iyakar inda yake kaiwa.

"Baba, ga shi a madubi."

"Na gani," na ce. "Ɗaga wayarki, ba ta gama addu'a ba."