Zuwaira Mai Tsaron Ayarin Mutane

Kullum da bakwai da rabi Zuwaira kan sauko daga benayen Minguettes, ta hau tram, ta koma metro D, ta isa biro, wato ofis, kafin kowa. Shekara goma sha shida ke nan. A cikinsu sunan da ke bisa ƙofar biron ya canza sau uku, amma kujerarta tana nan, don babu patron, wato mai kamfani, da ya taɓa sanin inda take.

Kamfanin wasan bidiyo ne a Lyon. Wasansu na fatake ne: ka tara ayari, ka raɗa wa dabbobinka suna, ka ratsa ƙasashe. Zuwaira, 'yar Maradi da karatun kwamfuta ya kawo, ita ke kula da ajiya: in sabon kashi ya fito, ya gane tsohon ɗan wasa, ya miƙa masa ayarinsa yadda ya bar shi. Aiki ne da ba a lura da shi sai ya lalace. Nata bai taɓa lalacewa ba, shi ya sa ba ku san ta ba.

Abokai uku da suka kafa kamfanin sun sayar da shi ga wasu 'yan Paris a 2008. Waɗannan suka kwashe takardun aikin zuwa babban birni don tsaro, suka ɓatar da su. Masu bi musu suka canza wa wasan suna. Na ukun, a 2016, suka aiko darakta ya sanar cewa kashi na huɗu zai fara daga sifili. Ayarin da mutane suka yi shekara goma suna kiwo, a share.

"Monsieur, ka taɓa buga wasan?" in ji Zuwaira.

"Na ga bidiyonsa."

"Madalla."

Bukari mai zane ya ja ta gefe. "Yaya Zuwaira, ki ƙyale su. Baɗi ma wani zai saye mu."

"Shi ya sa, Bukari. Su masu wucewa ne. Masu ayarin sun riga su zuwa."

A taro na gaba ta buɗe wata ajiya a allo. Wata Nadia ce ta aiko ta daga Bobigny: ayarin mahaifinta, kowace dabba da sunan ɗaya daga 'ya'yansa. Ya rasu, ita ke ci gaba da tafiyar. Bukari ya shaida cewa daraktan bai yi hawaye ba. Tambaya ya yi: mako nawa aikin ceto ayarin mutane zai ɗauka? Ta ce shida. Ya ba ta huɗu.

Babu takardu, sai abin da ke kanta da tsofaffin littattafanta na rubutu. Ranar da wasan ya fito, ayarin kowa yana tsaye yana jiransa. Daraktan ya gaya wa 'yan jarida cewa wannan hangen nesansa ne, kuma ya faɗe shi da kyau.

Ke ce kika tuna, Zuwaira, lokacin da masu kamfanin ke sayen abin da ba su buɗe ba. Ke ce kika gane cewa ana iya sayar da suna da gini da ma'aikata, amma shekarun da mutum ya zuba a wasa nasa ne.

Wannan watan za ta koma koyarwa a Rillieux, daidai lokacin da ake raɗe-raɗin mai saye na huɗu. Kafin ta tafi ta zauna da Raliatou, wadda za ta gaje ta, ta rubuta mata komai, shafi ɗari biyu. Ta buga kwafi uku.

"Ɗaya naki, ɗaya na Bukari, ɗaya na kamfani," ta ce. "Na kamfanin kada ki sa rai da shi."

Mun gode, Zuwaira. Allah ya saka da alheri. Ku kuma da ke riƙe da wani abu na mutane a wuraren aikinku, ku riƙe shi kamar yadda ta riƙe, ku koya wa na bayanku tun kuna nan.