Kawuna a Babi na Uku

A shekarar ƙarshe ta jami'a aka ba mu aikin kwatanta tsofaffin littattafan Turawa iri biyu. Marubutan kashin farko sun ce ɗan Adam zuciya ce tsarkakakkiya, ko a rami ka jefa shi zai fito yana waƙa. Na biyun sun ce ƙarya ne, mutum jini ne da yunwa da ƙasar da aka haife shi, ba ya tsallake su. Ni da ban taɓa kwana da yunwa ba, na bi na biyun, don sun fi kama da masu ilimi.

Malaminmu ya ce a kawo misali daga gida. Ban sha wahalar nema ba. Ina da kawu a Fakku ta ƙasar Kebbe, ƙanin mahaifiyata, wanda ya sayar da gonar gado a shekarar fari, ya tafi ci-rani kudu sau uku, yana dawowa da rediyo da tari. Na shimfiɗa shi a babi na uku, na yi masa fiɗa da Turanci mai kyau. Na kira shi mutumin da ba shi da zaɓi, kamar jakin da aka ɗora wa kaya. Aka ba ni maki mai tsoka, har da yabon zurfin tunani.

Na kawo kundin gida Tambuwal da bangonsa baƙi mai rubutun zinariya. Inna, wadda sirri ba ya wuni a bakinta, ta aika Kebbe cewa ɗiyarta ta sa ɗan'uwanta cikin littafi.

Ranar kasuwa sai ga Kawu a bayan babur, cikin rigarsa ta Sallah. Ya zauna a tabarma, ya goge hannuwansa a gwiwa kafin ya taɓa kundin.

"Ɗiyata, karanta mini wurin da nika ciki."

Na buɗe babi na uku, nan take na koma ɗariƙar marubutan farko. Na fassara masa cewa shi jarumi ne mai zuciyar zinariya, wanda fari bai karya ba. Inna har da share hawaye. Na ji kunya, amma ba ta hana ni ƙara gishiri ba.

Ya ce zai tafi da shi Fakku, malamin firamare ya karanta a gaban mutane, su san ba a banza ya yi yawo ba. Na ce kundin na makaranta ne. Inna ta ce wace irin rowa ce wannan. Ya naɗe shi a leda ya tafi, ni kuma da duk iliminna na kasa ƙirƙiro ƙarya ta biyu.

Bayan mako biyu ya dawo da shi, ko ƙura babu. Bai shigo ba, a zaure ya tsaya ya sa aka kira ni.

"Malam ya karanta muna duka, gaban jama'a. Abin da kinka rubuta gaskiya na, ban da guda. Ina da zaɓi. Ko in saida gonar a kai uwarki asibiti, ko ta mutu da ke a ciki. Ni na zaɓa."

Ya miƙo mini kundin da hannu biyu, ya tambayi inda ake samun motar Kebbe, shi da ya fi ni sanin tashar.