Hannun Citta

Kakata ba ta da "ita" a bakinta. A Hausarta kowa "shi" ne, mace shi, kaza shi, har matar Fasto shi. Da yarenmu ta tashi, Hausa kuwa a kasuwar Godogodo da coci ta tsince ta. Wannan bai taɓa damunmu ba sai in an zo tatsuniya, inda za ta jero maka mutum biyu ko uku, duk "shi", kai za ka raba su da kanka.

Lokacin tonon citta muka fi samunta. Bayan an ci tuwo sai a hura wuta a tsakar gida, a zube citta a kan buhu, kowa da 'yar wuƙarsa muna tsagawa don a shanya da safe. Ido na ta yaji, ba ka san na hayaƙi ba ne ko na citta.

A shekarar da nake magana a kai ina firamare, kuma na ɗauki kaina gwanin zane. Bangon kicin ɗinmu duk na cika shi da mutanen gawayi. Malamin makarantar Lahadi ya ji labari, ya ba ni babbar takarda in zana makiyayan Kirsimeti sun ɗaga hannu suna mamakin mala'ika, za a manna a coci. Kai ya fita, riga ta fita, tumaki ma ba laifi. Hannuwan ne suka ƙi. Na goge har takardar ta kusa hujewa, amma kowane yatsa ya kama gabansa, wani ya kumbura, wani ya tsiro a bayan ɗan'uwansa. Yayata Rifkatu ta leƙo a gaban yara ta ce, "Waɗannan makiyaya ne ko 'yan kasuwa? Kowa ya ɗago cittarsa yana neman mai saye." Daga ranar sunana ya koma Hannun Citta. Na ji kunya, na ji haushi, na ce ni da zane haihata-haihata.

Da yamma na zauna nesa da wuta ina cika ina batsewa. Kaka ta hango ni.

"Mijina, wa ya taɓa mini kai?"

"Kaka, na daina zane."

"Dama kana ɗaura zane ne ban sani ba?"

Aka yi dariya, ban da ni. Ta jawo ni kusa da ita, ta sa mini wuƙa a hannu, ta ce, "Ga shi nan, ga shi nan ku." Muka ce ya zo mu ji shi, don mun daɗe da sanin tatsuniyar Kaka namiji ne.

Wani mutum ne, ko wata mata, Allah masani, yana zaune shi kaɗai a gindin dutse ba abokin hira. Sai ya ɗauki gawayi ya zana mutum a jikin dutsen. Da gari ya waye zanen ya sauko, amma ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, sai zagaye yake a wuri guda. Ruwan sama ya zo ya wanke shi. Mutumin ya sake wani. Wannan ya sauko ba wuya, in an kira shi ba ya iya waiwayowa. Shi ma ruwa ya tafi da shi. Haka aka yi ta yi, damina bayan damina, har furfura ta cika kan mai zanen.

"Rannan," in ji Kaka, "sai ya zo da kyau. Ya duba shi, shi ma ya duba shi. Sai ya karɓi gawayi a hannun shi, ya zane shi, ya ce yanzu ka zama mutum. Ya ƙare. Ku kwashe citta."

Na ce, "Kaka, wa ya karɓi gawayin?"

"Shi."

"Shi wa?"

"Shi ɗin mana."

"To zana shi ya yi, ko zane shi ya yi da bulala?"

"Kai da ka ke zuwa sukul, ni za ka tambaya?"

Rifkatu ta ce ai ma'anar a fili take, duk mai ɓata bangon kicin sai an zane shi. Na kwanta kaina a ɗaure. Ban ji an lallashe ni ba, ban kuma ji an yi mini faɗa ba. Washegari na koma bangon da gawayi, ba don na huce ba, sai don in zana mutanen biyu in ga a hannun wa gawayin ya fi dacewa. Hannun ya sake fitowa citta. Makiyayan kuwa an manna su a coci, kowanne na ɓoye masa hannu a bayan tunkiya.

Yanzu a Kafanchan nake, ina zana allunan shaguna. Na fi son na masu aski, kai kawai suke so, ba ruwansu da yatsu. Hannu ya zo mini daga baya, amma a hankali ƙwarai, har ban san ranar da ya iso ba. Ina da masu koyo, in ɗayansu ya jefar da fensir don gajiya nakan ba shi tatsuniyar nan. In ya tambaye ni wa ya karɓi gawayin, sai in ce masa, "Shi."

Da Kaka ta rasu aka rasa hoton da za a sa a takardar jana'iza, don ita da ta ga kyamara sai ta juya baya. Rifkatu ta ce ni zan zana ta, kuma dangi duk sun zuba mini ido. Tsoro ya kama ni. Na yi ta fama, fuskar ta ƙi zuwa, kullum sai wata tsohuwa daban ta fito. Da lokaci ya ƙure na zana ta zaune da wuƙarta, na yi hannun yadda na tuna shi, gaɓoɓin a kumbure, yatsun a karkace, ɗaya ya hau kan ɗaya.

Rifkatu ta daɗe tana kallo. "Fuskan nan ba shi ba ne," ta ce, ba ta ma ji Hausar wa ta yi ba. Sai ta ɗora tafinta a kan takardar. "Hannun citta," ta ce a hankali, kuma wannan karon ba da ni take ba.

Har yau ban san wa ya karɓi gawayin ba. Wani lokaci in ga kamar zanen ne ya gyara mai shi, wani lokaci in yi zargin Kaka manta ƙarshen ta yi kawai ta rufe da abin da ya zo bakinta. Abin da na sani shi ne, hannun da na yi shekaru ina gogewa don kunya, ashe shi nake kallo kowace yamma ina yaro, a bakin wuta yana tsaga mana citta.