Yatsun Badaru

Ƙanena Badaru bakaniken babur ne a Yammedi. Tun da maigidana ya rasu na dawo gidanmu, rumfarsa tana jikin katangar da nake suyar ƙuli-ƙuli, don haka aikinsa a idona yake.

Shokazobar gaba ce gwanintarsa, sandunan nan biyu da ke shanye gargada. Man da ake zuba musu a gorar ruwa ake kawo masa, babu rubutu. Sai ya tsoma yatsa ya murza, ya dubi mai babur.

"Me kake ɗauka? Wace hanya kake bi?"

Mai ɗaukar buhun masara, ya zuba masa mai kauri. Mai ƙwai, tsinkakke. Har daga Rogo ake zuwa.

Bara ciwon suga ya kashe masa yatsu. Yana riƙe sifana, amma ba ya jin komai. Bai faɗa wa kowa ba. Ni na gani, ranar da ya jingina hannu da salansar babur mai zafi yana ta hira.

Wata Laraba Muntaka mai ƙwai ya bar babur ɗinsa. Badaru ya shigo da gora biyu, ya rage murya.

"Yaya, ke ma ai mai kike sana'a. Taɓa mini, wanne ya fi tsinkewa?"

"Ni man gyaɗa na sani, Badaru."

"Mai ai mai ne. Ki rufa mini asiri."

Hannuna da ƙulli, na ce ya ajiye. Ɗaya ta zauna gefen murhu, ɗaya a inuwa. Da na gama na murza, na nuna ta murhun. Wallahi kamar ruwa take. Ban san wuta ce ta tsinka shi ba.

Washegari da sanyin safiya gaban babur ya ƙage kamar taɓarya. Kafin ya kai Kwanyawa, kiret uku na ƙwai sun fashe. Muntaka ya dawo da gwaiduwa har gwiwa.

"Oga, kai da babur ɗina kuka soya mini waina, ba ku ko gayyace ni ba!"

Badaru bai yi dariya ba, bai kuma ambace ni ba. Ya ce, "Kai shi Karaye wurin Lukumanu bakanike. Ka faɗa wa sauran masu babura ma."

Yanzu faci kawai yake yi. Gorar tana nan a rumfa. Wani lokaci in na idar da sallar walaha na leƙa, sai in ga ya tsoma yatsa yana murzawa, ya daɗe. Ina yi masa addu'a.