Wasan Da Ya Ci Mini Aji

Shekara biyar ina tare da yaran nan. Na karɓe su suna ajin farko a wata lakwal, wato makarantar firamare, ta Mirriya, wasu ko alli ba su iya riƙewa ba, na yi ta hawa da su aji bayan aji har muka shiga na shida, wanda ake zana jarrabawar fita. Kullum da sassafe nake barin gidanmu a Birni in shiga motar Mirriya, takardunsu a cinyata ina gyarawa cikin gargada. Burina ɗaya ne, in raka su ɗakin jarrabawa da ƙafata.

A shekarar ne abin ya taso tsakanina da wata malama da ta girme ni nesa ba kusa ba. Ita ta saba riƙe ajin ƙarshe, sai direkta, shugaban lakwal ɗin, ya ce in ci gaba da yarana. Bafulatana ce, ni kuwa Babarbariya. Kowa ya san tsakaninmu da Fulani akwai wasa: su ce mu bayinsu ne, mu ce su namu ne, a yi dariya a watse. Wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Da wannan na tashi, aminiyar mahaifiyata ma Bafulatana ce, ban taɓa jin sun gaisa ba tare da zagi ba.

Don haka da ta fara ce mini "baiwata" a biro, ofishin da malamai ke zama, ramawa nake ina dariya. Sai wasan ya bar biro ya biyo ni aji. Ina tsakiyar darasi za ta leƙo ta ce, "Yara, ku yi haƙuri da baiwar nan tawa, kanta bai cika ɗaukar lissafi ba." Wata rana har allin hannuna ta karɓe, ta gyara abin da ba kuskure ba ne a allo. Yara suka yi dariya, ni ma na yi, don ban san abin da zan yi da fuskata ba.

Na rasa sukuni. A mota ba na iya gyara ko takarda ɗaya, sai shirya amsar da zan ba ta. A aji kunnena na ƙofa, ko akuya ce ta gitta sai na waiwaya. Na kai kuka wurin direkta, ya yi dariya har da buga tebur.

"Haba Madam! Taubashiyarki ce fa. Ki rama mana."

Wata Alhamis na tare ta ita kaɗai a bakin famfo, na ce, "Yaya, don Allah wasan nan a bar shi a biro. Yaran sun fara raina ni."

Ta gama wanke hannunta tsaf kafin ta dube ni. Babu ko alamar murmushi.

"Wa ya ce miki wasa nake? Ajin nan nawa ne."

Babu wanda ya ji sai ni. Na faɗa wa malamai biyu, suka ce na cika ɗaukar abu da zafi. Kwana huɗu maganar na cina.

Ran Litinin wajen ɗaga tuta, lakwal duka a tsaye, ga wasu iyaye a bakin ƙofa, ta ɗaga murya ta ce baiwarta ta zo ta riƙe mata jaka. Ban san lokacin da na buɗe baki ba. Na ce mata munafuka, na ce baƙin ciki ne zai kashe ta, na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Ita kuwa ta dafe ƙirji tana salati, tana cewa, "Jama'a, daga wasa?"

Kafin azahar labari ya gama gari: Babarbariya ta zagi Bafulatana a kan wasa. Iyayen yara suka zo wurin direkta suka ce wadda ba ta iya haƙurin taubashi ba, ina za ta iya haƙurin yaran jarrabawa? Mahaifiyata ko saurarona ba ta yi ba, ta sayi goro ta ce in kai in ba da haƙuri. Na kai. Malamar ta karɓa da hannu biyu a gaban kowa, ta ce ita ta yafe tun a ranar. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Sati na zagayowa aka ba ta ajin, ni aka mai da ni wurin sababbin shiga, a rumfar zana da ke jikin tagar ajin yarana. Komai nasu ina ji. Ranar farko malamar ta yi musu tambayar da na san rabinsu sun iya, aji ya yi tsit. Sai na ji muryar wata yarinya, a hankali, tana cewa, "Madam ɗinmu ba haka take yi mana ba." Aka daka mata tsawa. Ina tsaye da alli a hannu, taku uku ne tsakanina da tagar, ƙananan da ke gabana sun zuba mini ido suna jira in faɗi harafi na gaba.